AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Kifin Saja Na Tafkin Gatun

Tambayar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, masunci, wanda ke zaune a gefen dam ɗin Tiga a Jihar Kano. Ya ce ɗansa ne ya nuna masa wani hoton bidiyo a waya, inda ya ga mutane uku cikin ƙaramin jirgi a wani dam na ƙasar waje, ruwa yana ta ɓulɓula a gabansu kamar tukunya a kan murhu, su kuwa ba taru ba koma, fatsa kawai suke jefawa suna fizgo kifi ɗaya bayan ɗaya. Kifin kore-kore ne da ruwan ɗorawa, da zane baƙi uku a jikinsa. Shi ne yake cewa don Allah a ba shi tarihin wannan kifi, kuma shin me zai hana hukuma ta kawo irinsa a zuba a dam-dam ɗinmu, ko masunta sa huta da wahala?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Bisa ga kwatancen da ka yi, kifin da ka gani shi ne wanda Turawan Amurka ke kira peacock bass. A ƙasar Barazil sunansa tukunare, a Benezuwela da Kolambiya kuma fabon. Kalmar farko ta sunansa na Turanci ma'anarta ɗawisu, saboda wani baƙin ɗigo mai zoben ruwan zinariya da ke gindin wutsiyarsa, mai kama da idon nan na gashin ɗawisu. Kalma ta biyu kuwa kuskure ce, don ba shi da dangantaka da kifin Amurkawa mai wannan suna. In dangi ake nema, to ɗan'uwan karfasarka ne, gidansu ɗaya a lissafin masana. Sai dai ita karfasa ta fi ba da ƙarfi ga gansakuka da ciyayin ruwa, shi kuwa gogan naka ba ya son komai sai kifi ɗan'uwansa. Asalinsa kogunan Amurka ta Kudu ne, watau Amazon da Orinoko da rassansu. A 2006 masana suka lissafa iri 15 nasa. Mafi girma a cikinsu yakan haura kilo 12, amma waɗanda ake samu a dam-dam galibi ba su cika wuce kilo ɗaya ko biyu ba.

Ɓulɓular ruwan da ka gani kuwa farauta ce. Shi wannan kifi da ido yake farauta, saboda haka da rana yake aikinsa, musamman da sassafe, in dare ya yi sai ya lafa. Matasansu da matsakaita sukan yi garke, su ritsa ƙananan kifaye, su koro su sama ko su matse su a bakin gaɓa, sa'an nan su afka masu gaba ɗaya. A wannan lokaci duk abin da ya faɗa ruwa yana motsi sai sun kai masa cafka, ko kifi ne mai rai a jikin ƙugiya, ko ɗan kifin roba, ko ƙarfe mai ƙyalli. Har ma in aka kama ɗaya ana jawo shi, sai ka ga sauran sun biyo shi har gindin jirgi suna neman ƙwace abin da ke bakinsa, na kusa da kai ya jefa tasa fatsar ya ɗauke na biyu. Namansa fari ne, ƙaya kaɗan, ga daɗi. Kowane masunci ya ga haka dole ya yi sha'awa, ban ga laifinka ba.

Amma kafin in amsa maka sashe na biyu na tambayarka, bari in ba ka labarin wani tafki da aka taɓa kai wa wannan baƙo, don a can ne aka fi sanin tarihinsa daki-daki. Sunansa Tafkin Gatun, a ƙasar Panama.

In ka duba taswira za ka ga Panama a wurin da nahiyar Amurka ta tsuke kamar wuyan gora, tekun Atlantika a gefe guda, tekun Fasifik a ɗaya gefen. Na tuna lokacin da muke kwalejin horon malamai, malaminmu na labarin ƙasa yakan sa mu zana wannan wuri a allo har sai hannu ya gaji, ba mu san wata rana za a tambaye mu kifin cikinsa ba. Faransawa ne suka fara yunƙurin haƙa mashigin jiragen ruwa a nan cikin 1881, a ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya jagoranci haƙa mashigin Suwez na Masar. Aikin ya gagare su, kamfanin ya karye a 1889, bayan mutum kimanin 22,000 sun mutu, akasarinsu da zazzaɓin shawara da na cizon sauro. Ka riƙe wannan magana ta sauro, za mu komo kanta. Amurkawa suka karɓi aikin a 1904. Wani likitan soja, William Gorgas, ya yi yaƙi da sauro gida-gida, kududdufi-kududdufi, kana aikin ya yiwu.

Su Amurkawa ba su yi dabarar haƙa rami tun daga teku har teku ba. Sai suka datse wani kogi mai suna Chagres da ƙatuwar madatsa ta ƙasa, aka fara a 1907 aka gama a 1913, ruwa ya taru ya cika kwari, ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 425. A zamaninsa babu tafkin da ɗan'adam ya yi da ya kai shi girma a duniya. Don ka gane, ya ninka Tiga fiye da sau biyu, amma bai kai rabin Kainji ba. Tafkin yana bisa da teku da kamar mita 26, saboda haka jirgi in ya zo sai a shigar da shi wasu ɗakunan ruwa masu ƙofofi, a riƙa ɗaga shi kamar mai hawa matakala, ya ratsa tafkin, a sauke shi a ɗaya gefen. An buɗe mashigin ranar 15 ga Agusta, 1914.

Ruwan nan ya ci garuruwa, irin su Gorgona da Matachin, aka tashi mutanensu, kamar dai yadda aka yi wa tsohuwar Busa da za a cika Kainji. Ya kuma ci daji, kurmi sosai, ba a tsaya sare itatuwan duka ba. Har yanzu kututtura na nan tsaye cikin ruwa, wasu kai a waje, wasu a ɓoye suna jiran farfelar injin mai ganganci. Tuddai kuwa suka zama tsibirai. Ɗaya daga cikinsu, Barro Colorado, aka keɓe shi a 1923 don binciken halittu, daga 1946 kuma ya koma hannun cibiyar Smithsonian ta Amurka. Wannan shi ne sa'ar da aka yi a labarin namu, don masana suna zaune a tsakiyar tafkin, sun san abin da ke cikinsa tun baƙo bai zo ba.

Shekara hamsin da 'yan kai tafkin yana zaune da kifayen da ya gada daga kogin Chagres. Yawancinsu ƙanana ne, wasu ba su fi yatsa ba, suna yawo dubu-dubu a bakin gaɓa suna cin ƙwari da ƙananan halittun ruwa. Su kuma abinci ne ga zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi, da wani babban kifi mai suna tarpon da kan shigo daga teku.

Wajen 1967 sai wani ɗan kasuwa ya sayo 'ya'yan wannan kifi daga Kolambiya, ya zuba a wani ɗan dam a kan wani rafi da ke malala cikin kogin Chagres. Ba mugunta ya nufa ba. Abin da kake so, Malam, shi yake so: kifi mai daɗin kamu, mai daɗin ci. Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya cika ya tumbatsa, kifayen suka bi ambaliya suka gangara rafi, daga rafi sai kogi, daga kogi sai tafki. Suka tarar da abinci birjik, ga kututtura na laɓewa da na yin ƙwai, ga shi kuma kifayen wurin ba su taɓa gamuwa da mafarauci irinsa ba, ba su san ta inda za su guje masa ba. Daɗin daɗawa, shi ba ya yin ƙwai ya watsar. Uwa da uba ne ke tsayawa gadi, namijin har wani tozo yake fitarwa a goshi a lokacin, suna korar duk abin da ya matso, su yi ta rakiyar 'ya'yan makonni da dama har su yi ƙwari. Kifin da ke cinye 'ya'yan kowa yana gadin nasa, ai ka san inda lissafin zai tsaya.

Mutanen Panama da suka ga zane uku a jikinsa sai suka sa masa suna sarhento, watau saja, mai igiya uku. Sunan ya bi shi har yau.

A farkon shekarun 1970 saja ya iso Barro Colorado. Wasu masana biyu daga Jami'ar Washington, Thomas Zaret da Robert Paine, suka yi wani aiki da nake ganin kowane jami'in kiwon kifi ya kamata a karanta masa. Da yake kifin yana yaɗuwa ne sannu a hankali daga gefe guda, sai suka riƙa jan taru a inda ya riga ya iso, su kuma je wani reshe na tafkin mai suna Trinidad inda bai kai ba tukuna, su ja, su kwatanta. Sakamakon ya fito a mujallar Science cikin 1973. Daga cikin irin kifi takwas da a da aka fi samu, shida sun ɓace a inda saja ya sauka, na bakwai kuma ya ragu ƙwarai. Tsuntsayen da ke kiwo a kan ƙananan kifayen suka yi ƙaranci, tarpon ma haka. Sa'an nan suka ba da labarin cewa sauro ya ƙaru a yankin, don kifayen da ke cinye tsutsarsa su ne aka cinye. Ka ji fa. Ƙasar da aka yi asarar dubban rayuka kafin a ci ƙarfin sauro, sai ga kifin da aka kawo don nishaɗi yana cinye masu taya mutane yaƙi da shi.

Yanzu fa kada in yi wa saja rashin adalci, don labarin yana da fuska biyu. Kafin zuwansa, Gatun ba wurin su ba ne na a zo a gani, kifayen sun yi ƙanƙanta. Bayan zuwansa ƙauyukan bakin tafki irin su Arenosa da Kuwipo suka sami sana'a. Wasu suna kamawa su sayar, wasu suna kama ƙananan kifaye masu rai su sayar wa masu fatsa don ƙoto, wasu kuma suna ɗaukar baƙi a jirgi tun asuba daga garin Gambowa, su kai su inda suka san garke yana tashi, a ɗaure jirgi a jikin kututture a yi ta fizga, kafin rana ta take a dawo da kifi gommai. Sojojin Amurka da ma'aikatan mashigi, waɗanda suka zauna a wurin har zuwa ranar 31 ga Disamba, 1999, da aka miƙa mashigin ga Panama, da yawansu wannan ne abin hutunsu na ƙarshen mako. Yaron da aka haifa a Arenosa cikin 1980 bai san wani Gatun ba sai na saja. In ka ce masa baƙo ne, zai yi maka kallon mai tabin hankali.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma masana da dama sun yi zaton haka za a yi, watau in saja ya cinye abincin ya ragu, 'yan gida za su farfaɗo a daidaita. Aka jira. Wata masaniya mai suna Diana Sharpe da abokan aikinta na Smithsonian suka koma wuraren da Zaret da Paine suka ja taru, suka sake ja, suka kuma kwatanta da Tafkin Bayano, wani dam na Panama da saja bai shiga ba. Rahotonsu ya fito a 2017. Bayan shekara 45, yawan kifayen asali na bakin gaɓar Gatun ya gaza na da da kashi 96 cikin 100. Reshen Trinidad ma, wanda a da ya tsira, ya bi sahu. Raɓar nan dai ba ta bushe ba.

Ba Panama kaɗai ba ce. A cikin Barazil kanta an ɗauke shi daga Amazon an kai shi dam-dam na kudu da na arewa maso gabas. A dam ɗin Rosana, a kan kogin Paranapanema, wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cikin shekara biyu da bayyanarsa yawan ƙananan kifayen da ke zaune cikin ciyayin ruwa ya faɗi da kashi 95 cikin 100. An kai shi Hawayi a 1957, yana kuma cikin dam-dam na Singafo da Malesiya. Mu ma a Afirka muna da namu labarin, na giwan ruwa da aka zuba a Tafkin Biktoriya cikin shekarun 1950, wanda ya kawo kuɗin fitar da kifi waje, ya kuma haɗiye irin ƙananan kifaye wajen 200. Wannan tambaya ce ta wani mako.

Wurin da akan kafa hujja da shi a ce abin ya yi kyau shi ne Jihar Fulorida ta Amurka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne da kyau. A can hukumar kifi ce da kanta ta sake shi a 1984, cikin magudanan ruwa na birnin Mayami, bayan an yi shekaru ana nazari. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shinge biyu ne da Allah ya yi: wannan kifi ba ya rayuwa in sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15 ko 16 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka ba ya iya yin arewa, ba ya kuma jure gishiri mai yawa, saboda haka teku ta tare shi. To me ya sa suka kawo shi? Don ya rage masu wasu baƙin kifaye da suka cika magudanan, kuma babba a cikinsu wata karfasa ce mai ɗigo-ɗigo, 'yar asalin Afirka ta Yamma, har da kudancin Nijeriya. Watau, Malam, hayarsa aka yi musamman don ya ci karfasa. Ya kuwa ci.

Kai ka fi ni sanin abin da ke fitowa a cikin kallinka in ka ɗaga da safe, ka kuma san matsayin karfasa a ciki, da ƙananan kifayen da mata ke soyawa suna kai wa kasuwa. Saja ba ƙari zai zama a kansu ba, da su za a ciyar da shi. Kilo ɗaya na kifi mai cin kifi sai da kilo da yawa na waɗanda ya ci. Sa'an nan ruwanmu ba irin na Gatun na da ba ne da ya rasa manyan kifaye, muna da giwan ruwa da tsage da sauran masu farauta na gida, waɗanda ƙananan kifayenmu suka saba zama da su tun fil azal. Bugu da ƙari, Tiga ba randa ba ce. Tun da aka gama ta a 1974 ruwanta yake bin kogin Kano ya faɗa na Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Abin da ya tsere daga dam ɗinku da damina ɗaya, masuntan Gashuwa da na Difa a Jamhuriyar Nijar su ma sai sun ji a jikinsu, ba kuwa wanda ya shawarce su. Ɗan kasuwar Panama ma ai a ɗan ƙaramin dam ya zuba. Saboda haka in ra'ayina ka tambaya, ban goyi bayan a kawo shi ba, ko da a kududdufin bayan gida ne, kuma duk wanda ya zo maka da 'ya'yan kifin da ba ka san asalinsa ba, ka fara kai maganar ga sarkin ruwanku da jami'an kifi na jiha.

Saura in gaya maka halin da saja yake ciki a Gatun, don labarin ya sake juyawa. A ranar 26 ga Yuni, 2016, aka buɗe sababbin ɗakunan ruwa masu girma don manyan jiragen zamani. A tsofaffin ɗakunan, kowane jirgi ya wuce akan zubar da ruwan daɗi lita wajen miliyan 200 zuwa teku. Sababbin an yi masu tankuna a gefe da ke maido da kamar kashi 60 cikin 100 na ruwan a sake amfani da shi. Dabara ce mai kyau ta tattali, sai dai ruwan da ake juyawa yana gauraya da na teku, gishiri ya riƙa hawowa tafkin kaɗan-kaɗan, ga ƙofofi masu faɗi da kifin teku ke bi tare da jirage. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga Panama, don daga ruwan mashigin nan ne wajen rabin mutanen ƙasar ke sha.

Masana na Smithsonian da abokan aikinsu na Jamus suka auna kifin tafkin kafin faɗaɗawar da bayanta, suka fitar da rahoto a 2025. A da, in aka auna nauyin abin da aka kama, kifin teku kashi 26 ne cikin 100. Bayan faɗaɗawar ya kai kashi 76, kuma da yawansu manyan mafarauta ne. Saja ya ja baya sosai, masuntan ƙauyukan nan da suka gina rayuwarsu a kansa suna kukan garken ba ya tashi kamar da. Su kuwa masana abin da ya fi tayar masu da hankali shi ne, tafkin da shekara ɗari yana zaman katanga ta ruwan daɗi tsakanin tekuna biyu, in kifin teku ya iya zama a cikinsa, to wata rana na Atlantika zai iya ɓullowa a Fasifik, na Fasifik ya ɓullo a Atlantika.

To Malam masunci na Tiga, da fatan ka gamsu. A gaida mutanen bakin dam, a gaida yaron da ya nuna maka hoton, Allah ya ba da sa'ar su. Sauran masu tambayoyi da takardunsu ke hannunmu a ƙara haƙuri, muna bin layi ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.